Shayin Dutsen Fenghuang: Me Ya Sa Ƙamshinsa Ya Gudu a Butarmu?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san shayin ƙasar Sin, domin abin ya tsaya mini a rai tun makon jiya. A tafiyata ta ƙarshe zuwa Gwangzu, wani abokin cinikina da muka daɗe muna hulɗar yadi da shi, wanda asalinsa mutumin birnin Chaozhou ne, ya ba ni kyautar gwangwanin shayi, ya miƙo mini shi da hannu biyu kamar mai miƙa amana. Ya ce sunansa Mi Lan Xiang, daga dutsen garinsu aka tsinko shi, kuma yana cikin dangin shayin da suke kira ulon. A shagonsa ya haɗa mini shi a wasu 'yan finjalai da ba su fi rabin ɓawon ƙwai ba, na sha, har muka fito bakin titi ina jin ƙamshin zuma da na fure a maƙogwarona.

Da na dawo Kano na tara abokai bayan sallar Isha domin su ɗanɗana abin da nake ta ba su labari. Na miƙa wa yaron da ke dafa mana shayi, ya zuba a buta, ya ɗora a gawayi yadda ya saba, ya bar shi ya tafasa sosai, ya zuba sukari, ya yi ta juyawa tsakanin buta da kofi har ya yi kumfa. Ƙamshi ya cika zauren na ɗan lokaci, kowa yana cewa madalla, amma abin da aka zuba mana baƙi ne wuluk, mai ɗaci kamar maɗaci, yana ɗaure harshe, kuma babu ko ɗigon wancan ƙamshi a cikinsa. Na ji kunya ƙwarai. Tambayata biyu ce: shin turare ake fesa wa ganyen, shi ya sa ya tashi da wuri? Idan kuma ba haka ba ne, a ina muka yi kuskure?

Tsohuwar Ɗalibar Shantou:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko ka kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba, kuma wanda ya ba ka wannan kyauta ya girmama ka. Na yi karatu a Shantou, wanda ke maƙwabtaka da Chaozhou a gabashin lardin Guangdong, kuma a yankin nan kusan babu shago ko gidan da za ka shiga ba ka tarar da farantin shayi a ajiye ba. Abin da ke hannunka shi ne Fenghuang Dancong. Fenghuang sunan jerin duwatsun da ke arewacin Chaozhou ne, kuma mafi daraja a cikin ganyen shi ne wanda ke fitowa daga dutsen Wudong, mai tsawon kusan mita 1,400, inda hazo ke kwana a kan gonaki. Kalmar dancong kuwa ma'anarta bishiya guda tak, domin a asali idan manomi ya lura wata bishiya ta fita daban da ƙamshi, sai ya tsinki ganyenta ita kaɗai, ya sarrafa shi daban, ba ya haɗa shi da na sauran. Daga baya aka riƙa yankan rassan irin waɗannan bishiyoyi ana dasawa ko ana yi musu aure da wasu, har kowane ƙamshi ya zama zuriya mai sunanta.

Babu turare a cikinsa. Ƙamshin daga aikin hannu yake fitowa, kuma aiki ne na kwana. Ana tsinkar ganyen da ya riga ya buɗe, yawanci a watan Afrilu zuwa farkon Mayu, kuma manoman can ba sa son tsinka ana ruwa, ko da raɓa a jikin ganye, ko rana tana tsakiyar ƙuna. Sai a shanya shi a faifan gora da la'asar ya yi yaushi, a shigar da shi inuwa ya huce, sannan a shiga babban aikin dare, wato a riƙa ɗaga ganyen ana kaɗa shi a hankali domin gefunansa su gogi juna, a bar shi ya huta kamar awa biyu, a sake kaɗawa da ɗan ƙarfi fiye da na baya, haka har sau biyar ko shida kafin gari ya waye. Da hanci mai aikin ke sanin lokaci ya yi: warin ɗanyen ganye zai kau, ƙamshin fure ya shigo. A nan sai a jefa shi a kasko mai zafi domin a tsayar da canjin, a murza shi ya zama dogayen sili, a busar, daga baya a gasa shi a hankali a kan gawayin da aka rufe da toka. Wannan ganye ba a yi shi domin a tafasa ba, jiƙa shi ake yi na 'yan daƙiƙoƙi a tsiyaye. Yaronka bai yi laifi ba, abin da ya sani ya yi.

Baba na Agadas:
'Yata, na karanta bayaninki, kuma Allah ya ƙara ilimi, amma ban yarda da ƙarshensa ba. Na fi shekara arba'in ina dafa shayi, a gida da kuma a hanyar Bilma, kuma ganyen da muke dafawa ma daga ƙasar Sin yake zuwa, an rubuta 41022 ko 3505 a jikin kwalinsa. Wannan ganye sai ya sha wuta yake ba da abin da ke cikinsa. Shayin da aka zuba wa ruwa aka tsiyaye nan take, a wurinmu ruwan bunu ne, ba ya kore gajiya, ba ya riƙe hira. Idan har ganyen Alhaji mai daraja ne kamar yadda kika ce, me zai sa ya kasa jure abin da ganye mai araha yake jurewa kullum? A ganina kayan kirki ba ya tsoron wuta.

Malamin Kimiyya a Jos:
Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma da izininka zan amsa ta ɓangaren da na sani. Bishiyar shayi iri ɗaya ce, ko kore ne, ko baƙi, ko ulon, bambancin yana ga yadda aka bar ganyen ya sha iska bayan an tsinke shi. Kowa a nan ya taɓa ɓare goro ya ajiye, ya dawo ya tarar wurin da aka karya ya yi ja. Abin da ke faruwa da ganyen shayi ke nan idan aka ƙuje shi. Koren shayin da Baba ke dafawa an kashe wannan canji da zafi tun da wuri, baƙin shayin da muke sha da madara an bar shi ya kai ƙarshe, shi kuwa ulon an tsayar da shi a tsakiya, shi ya sa idan ka buɗe ganyensa bayan ya jiƙu za ka ga tsakiyarsa kore, gefensa ja.

A lokacin kaɗawar daren nan da Malama ta bayyana, ganyen yana raye tukuna, kuma raunin da yake ji yana sa shi ya fitar da sinadaran ƙamshi irin su linalul, da nerolidol, da indol, waɗanda su ne ake samu a furanni kamar yasmin. Waɗannan sinadarai marasa nauyi ne, suna bin tururi. Sinadaran ɗaci da bauri kuwa ba sa tashi, suna zama a ruwa, kuma duk daɗewar ganye a wuta suna ƙaruwa. Saboda haka ƙamshin da Alhaji ya ce ya cika zaure shi ne ainihin abin da abokinsa ya ba shi kyauta, ya bi tururi ya fita, aka bar su da ragowar. Shayin Baba an gina shi ne a kan ƙarfi da ɗaci wanda sukari ke tarewa, don haka wuta ba ta rage masa komai. Wannan kuwa darajarsa tana cikin abin da wuta ke fara kora.

Mai Turaren Wuta:
Ni sana'ata haɗa turare ce, daga iyayena na gada a Barno, kuma hancina ba ya yarda da magana sai ya ji da kansa. Ku yi haƙuri, ina da shakka. Shekarar da ta wuce na sayi wani ulon a wani shago da aka ce mini ƙamshin madara yake yi da kansa. Ina buɗe ledar na san an yi masa feshi, domin ƙamshin irin na alewar yara ne, mai maiƙo, yana maƙalewa a yatsa. Da na jiƙa shi sau biyu sai ya koma lami. To yaya za a ce ganye shi kaɗai ya yi ƙamshin zuma da fure? Ta yaya mai saye zai bambance?

Tsohuwar Ɗalibar Shantou:
Hajiya, hancinki bai yi ƙarya ba, kuma abin da kika faɗa yana faruwa. Akwai wani irin shayi na Taiwan mai suna Jin Xuan wanda yake da ɗan laushin madara na halitta, amma kaɗan ne ƙwarai, sai mai lura yake kama shi, kuma saboda sunan ya yi kasuwa sai wasu suka shiga fesa wa ganye mai araha ƙamshin madara suna sayarwa. Akwai kuma shayin yasmin wanda ake shimfiɗa shi da furanni na gaske dare bayan dare har ya ɗauki ƙamshinsu, wannan ba ha'inci ba ne, sana'a ce sananniya kuma ba a ɓoye ta. Dancong na kirki ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan biyun.

Gwajin da zan ba ki shi ne wanda kika riga kika yi ba tare da an koya miki ba. Ƙamshin feshi ya fi ƙarfi a busasshen ganye da ruwan farko, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Na halitta kuwa a busasshen ganye yana da kunya, sai an ɗumama mazubin an zuba ganyen yake fara fitowa, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a ruwa na biyu zuwa na huɗu, ya riƙa sauya kama, kuma yana cikin ruwan kansa, ana jin sa ta bayan hanci bayan an haɗiye. Sunayen da ake ba su kwatance ne kawai. Mi Lan Xiang na nufin ƙamshin zuma da furen okid, akwai mai sunan furen citta, akwai na kirfa, akwai na almon, har ana lissafa manyan nau'o'i goma. Mafi shahara a 'yan shekarun nan shi ne Ya Shi Xiang, wato ƙamshin kashin agwagwa, alhali ƙamshinsa na fure ne mai daɗi. Labarin da mutanen dutsen ke bayarwa shi ne mai bishiyar ne ya laƙaba mata mummunan suna domin kada maƙwabta su yanki rassanta, wasu kuma suka ce sunan ya samo asali ne daga launin ƙasar da take tsirowa a kai. An yi ƙoƙarin sauya masa suna zuwa Yin Hua Xiang, amma tsohon sunan ne ya zauna a bakin mutane.

Ɗan Kwari:
Na gode, Malama, hankalina ya kwanta. Sai dai ba ni da irin kayan da na gani a shagonsa, wato 'yar tasar tangaran mai murfi da yake riƙewa da yatsu uku. Ki faɗa mini dalla-dalla yadda zan yi da abin da ke gida, domin saura bai fi rabin gwangwanin ba, kuma ba na son in sake ɓarnatar da ko sili ɗaya.

Tsohuwar Ɗalibar Shantou:
Wannan tasa sunanta gaiwan, kuma cikinta yawanci mililita 100 zuwa 120 ne, bai kai gwangwanin madarar ruwa ba. Idan babu ita, nemi ƙaramar butar tangaran ko ta gilashi wadda ba a taɓa dafa shayi mai citta da kanumfari a cikinta ba, kuma bakinta yana zubar da ruwa da sauri. Ko ƙaramin kofin tangaran da ɗan faranti a matsayin murfi ya isa, in dai za ka iya tsiyayewa ta gefe ba tare da ka ƙone ba. Butar ƙarfen da aka saba dafa shayi da ita kada ka kusance ta.

Mutanen Chaozhou suna zuba giram 7 zuwa 8 a irin wannan mazubi, amma tunda hannunka bai saba ba ka fara da giram 5, wanda a ido zai kai kusan rabin mazubin, domin silin ganyen dogo ne ba ya kwanciya. Ka ɗebo shi a hankali kada ya kakkarye, saboda garin ganye shi ne tushen ɗaci. Fara ɗauraye mazubin da finjalai da tafasasshen ruwa, ka zubar, ka sa ganyen a mazubin yana da ɗumi, ka rufe, ka ɗan girgiza, ka buɗe ka shaƙa. Wannan shaƙar ta farko kada ta wuce ka. Sai ka zuba ruwa ta gefen mazubin, ba a tsakiyar ganyen ba, ka tsiyaye nan take ka ɗauraye finjalai da shi, wannan tada ganye ne daga barci. Ruwa na gaba shi ne na sha, kuma daƙiƙa biyar ya ishe shi. Ina nufin daƙiƙa, ba minti ba. Na biyu da na uku ma haka, daga na huɗu ka riƙa ƙara daƙiƙa biyar zuwa goma, kuma ganye mai kyau zai ba ka ruwa takwas zuwa goma. Babban sharaɗi shi ne kada ka bar ko ɗigo a ƙasan mazubin tsakanin zubi da zubi, kuma ka ɗan buɗe murfin domin ganyen ya numfasa.

A can finjalai uku ake jerawa kusa da juna ko mutum nawa ne a zaune, sai mai haɗawa ya riƙa zagaya su da ruwan ba tare da tsayawa ba domin ƙarfinsu ya zo daidai, suna kiran wannan Guan Gong yana zagaya ganuwa. Ɗigon ƙarshe, wanda ya fi kauri, ana raba shi ɗaya bayan ɗaya a kowane finjali, wannan kuma Han Xin yana ƙirga dakaru. Dukansu sunayen tsoffin jarumawan yaƙinsu ne. Na zauna a gidan wata tsohuwa da ke haɗa mana shi a kan ɗan murhun jar ƙasa da gawayin ƙwallon zaitun irin nasu, tana fifita shi da mafici na gashin tsuntsu, kuma ba ta taɓa ɗaukar finjalin farko ba, baƙo da babba take fara turawa. Kada ka sa sukari, kuma kada ka sha da yunwa, domin yana da ƙarfi, yana iya sa jiri da rawar hannu.

Malamin Kimiyya a Jos:
Malama, na yarda da duk abin da kika faɗa in ban da zafin ruwa, wanda ba ki fayyace ba amma na fahimci tafasasshe kike nufi. Ga wanda bai saba ba, ni ina ganin ya sauke ruwan ya bar shi kamar minti ɗaya ya sauko zuwa digiri 90 ko 95, domin hakan zai ba shi sarari idan hannunsa ya yi jinkiri. A nan Jos, saboda tudun da muke kai ya kai wajen mita 1,200, ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 96, kuma ulon ɗin da na taɓa haɗawa bai taɓa yi mini bauri ba. Alhaji yana Kano, ruwansa zai fi nawa zafi.

Tsohuwar Ɗalibar Shantou:
Malam, a nan kam mun saɓa. Na san masu sayar da shayi da yawa suna ba da shawarar da ka bayar, kuma ba za ta ɓata shayin ba, amma tana rage shi. Ƙamshin sama na dancong, wanda ke maƙalewa a cikin murfi, zafi mai ƙarfi ne ke tada shi, kuma ganyen da aka gasa da gawayi idan ruwa ya yi masa sanyi sai ya fito da ɗanɗano a kwance, babu kaifi. Maganin bauri saurin hannu ne da rage ganye, shi ya sa na ce ya fara da giram 5. Amma tunda yana da abin da zai isa gwaji, ya raba: rana ɗaya ya bi maganarka, rana ɗaya ya bi tawa, harshensa ya yanke hukunci.

Baba na Agadas:
Na ji bayanin tururi, kuma ya shiga kaina, Malam, domin ni ma na san ƙamshin na'ana'a yana gudu idan aka sa ta da wuri. Abin da har yanzu ban gane ba shi ne hana sukari. Ɗaci ba abin so ba ne, sai an tare shi. Wace riba mutum zai samu ya sha abu mai ɗaci da gangan alhali sukari yana gefensa?

Tsohuwar Ɗalibar Shantou:
Baba, ai kai ma kana cin goro, kuma ban taɓa jin wanda ya barbaɗa masa sukari ba. Ka tuna yadda yake fara ɗaci da bauri, sannan idan ka kurɓi ruwa sai ka ji wani zaƙi ya taso daga ƙasan maƙogwaro wanda babu shi a cikin ruwan. Sinawa suna da suna na musamman ga wannan, suna ce masa hui gan, wato zaƙin da ke dawowa, kuma da shi suke auna darajar ganye: ɗacin da ya zo ya wuce da sauri ya bar zaƙi da yawu a baki shi ne na kirki, wanda ya zo ya zauna a harshe shi ne na banza ko wanda aka ɓata wajen haɗawa. Sukari yana rufe wannan hanya gaba ɗaya, domin baki ya riga ya cika da zaƙi, babu wurin da na biyun zai sauka. Ban ce haka don in rage darajar shayinku ba. A watan Nuwamba na 2022, lokacin da hukumar UNESCO ta sa fasahar sarrafa shayin ƙasar Sin da al'adun shansa a jerin al'adun gado na duniya, a Rabat aka yi zaman, a Maroko, ƙasar da ita ma ta karɓi koren ganyen Sin ta mayar da shi nata da sukari da na'ana'a kamar yadda ku kuka yi.

Ɗan Kwari:
Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana uku. Na samu ƙaramar butar tangaran a cikin kayan uwargida da ba a taɓa amfani da ita ba. Ranar farko na bi maganar Malam, na bar ruwan ya ɗan huce. Ya yi daɗi, ruwansa rawaya mai haske kamar man gyaɗa sabon tatsa, babu ɗaci ko kaɗan, ƙamshin zuma ya fito. Rana ta biyu na bi maganar Malama, ruwa yana sauka daga wuta na zuba, kuma a zubi na biyu na ɗan tsaya amsa sallama, bai fi daƙiƙa ashirin ba, sai ga bauri ya kama mini gefen harshe. Amma zubi na uku da na huɗu, da na kiyaye, su ne suka dawo da ni shagon abokina. Ƙamshin ya hau har cikin hanci, akwai wani abu kamar nunannen mangwaro a ƙarƙashin zumar, kuma zaƙin da aka kwatanta da na goro na same shi, ya zauna da ni har na yi alwalar Magariba. Na kai zubi tara kafin ya zama ruwa. Na zazzage ganyen a faranti na buɗe ɗaya da yatsa, ga shi cikakke, tsawonsa ya kai ɗan yatsana, gefensa ja kamar an zizara masa lalle.

Rana ta uku ce ta ba ni mamaki. Ruwan roba ya ƙare, na ɗebo na rijiyar burtsatsen gidanmu, na yi komai yadda na yi jiya, amma shayin ya fito da duhu, da wata 'yar yana mai ƙyalli a samansa, ƙamshin kuma kamar an danne shi da bargo. Shin ganyen ne ya fara lalacewa?

Malamin Kimiyya a Jos:
Ganyen lafiyarsa ƙalau, Alhaji, ruwan ne. Duba cikin butar da kuke tafasa ruwan rijiyar, idan ka ga farin ɓawo ya kama gindinta, to ruwan yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa da yawa, kuma shi ne ke haɗuwa da sinadaran shayi ya yi wannan yanar da ka gani, ya duhunta launi, ya danne ƙamshi. Ruwan famfo mai warin kulorin shi ma yana ɓata shi. Tun a ƙarni na 8 Lu Yu, wanda Sinawa ke ɗauka a matsayin uban ilimin shayi, ya jera ruwa hawa uku, ya sa na maɓuɓɓugar dutse a sama, na kogi a tsakiya, na rijiya a ƙasa. Ka koma ruwan roba mara nauyi a baki, kuma kada ka yi ta maimaita tafasa ruwa ɗaya. Game da zafi kuwa, rahotonka ya nuna hanyata ta fi aminci, ta Malama ta fi kai wa ƙololuwa, kuma na karɓi hakan.

Mai Turaren Wuta:
Alhaji, na gode da ɗan ƙullin da Hajiyarka ta aiko mini da shi, ya iso jiya da yamma. Na yi gwajin a ɗakin da ba na ajiye kayan sana'a, bayan na wanke hannu da ruwa zalla. Na janye shakkata a kan wannan ganyen, ko da yake ban janye ta a kan kasuwa ba. Busasshensa ƙamshin gashin gawayi ne kawai da ɗan zuma can ƙasa, bai bar komai a yatsana ba. Abin da ya tabbatar mini shi ne finjalin da na shanye na ajiye: da ya huce na ɗauka na shaƙa, sai na ji ƙamshin ya sauya, furen ya tafi, zumar ta zauna a gindin finjalin. Haka turaren kirki yake, yana da abin da ke fara tashi, yana da abin da ke kwana a tufafi, kuma feshi ba ya iya yin wannan hawa biyu.

Shawarata ta mai sana'a ita ce a kan ajiya. Duk abin da ke ba da ƙamshi yana kuma ɗaukar ƙamshi. Takardar da aka ƙullo mini shi a ciki ta riga ta ɗauki humrar jakar da aka sako ta, da ya kwana biyu a haka da ya tashi daga aiki. Kada ka ajiye gwangwanin a ɗakin da ake turara kaya, ko kusa da daddawa da kayan yaji, ko inda rana ke bugawa. Ka matse iskar ledar ciki ka ɗaure kafin ka rufe murfi. Yanzu da hunturu iska a bushe take, babu damuwa sosai, amma idan damina ta shigo ka riƙa buɗewa da sauri kana rufewa.

Baba na Agadas:
Maganar goro ta kama ni, 'yata, ba ni da amsarta. Ban bar ra'ayina ba cewa shayin tafiya da na hira mai tsawo sai wanda ya sha wuta, kuma ba na jin finjalin da bai fi kurɓi biyu ba zai tsayar da matafiyi a ƙafafunsa. Amma na lura da abu ɗaya a bayaninki da ya yi kama da namu: mu ma ganye ɗaya muke bi har zagaye uku, na farko mai ƙarfi, na ƙarshe mai laushi, kuma babba ake fara miƙa wa. Alhaji, idan akwai saura, ka ƙulla mini abin zama ɗaya, akwai ɗana da ke zuwa Kano sayen kaya ƙarshen wata, zai biyo ta Damagaram ya kawo mini. Ina da ƙaramar butar tangaran da na saya tun da daɗewa ban taɓa ɗora ta a wuta ba.

Ɗan Kwari:
An gama, Baba. Zan auna maka giram 10 domin ka samu zama biyu, ɗaya da ruwan da ya ɗan huce, ɗaya da tafasasshe, kuma zan sa shi a ƙaramin gwangwani mai murfi kamar yadda Hajiya ta ce, ba a takarda ba. Ka ce wa ɗan naka ya neme ni a kasuwa kafin Azahar, kuma kada ya sa shi a jaka ɗaya da goro ko turare. Malama, idan Allah ya kai mu tafiya ta gaba ina so in roƙi abokina ya samo mini wancan mai sunan agwagwar, ki rubuto mini sunan da harufansu domin in nuna masa a waya.